Kalmar Ƙarshe ta Jikata

Ni ban taka ƙofar lakwal ba, makarantar boko ke nan, amma a unguwarmu ta Birni babu yaron da bai yi barci da tatsuniyata a kunne ba. To, sai ga jikata ta kawo mini abin da ya fi ƙarfin bakina.

Yarinyar ta karanci aikin ruwa da noman rani. Aka ce akwai gurbin ƙarin karatu a ƙasar Holanda, sai dai sai ta yi hira da wata malamar can ta wayar salula, da yarensu. Karon farko ta faɗi. Ta yi kuka, ta share ido, ta koma.

Tun da hantsi take zama gindin dalbejiya tana kakarin maƙogwaro kamar wadda ƙayar kifi ta shaƙe. Na ce, "Ja'ira, in kawo miki ruwa?"

"Kaka, gaisuwa ce fa! Ina kwana nake cewa."

"Allah ya ba mutanen nan lafiya."

Abin da ya kayar da ita, in ji ta, shi ne in suna faɗin dalili, aikin da aka yi sai a ƙarshe yake fitowa. Ita kuwa da garaje, sai ta saka shi gaba. Sai ta ɗora wa kanta yi mana Hausa haka, har harshenta ya saba. "Na tashi da wuri don ni Kaka fura dama so." Gida ya ɗauki dariya, ko a jikinta. Ni dai mutanen sun burge ni. Ashe ba ka katse su, don ba ka san an saya ko an sayar ba sai sun dire. Haka nake ɓoye kura sai ƙarshen labari.

Amma cikina da damuwa. Ɗan maƙwabtanmu ya tafi ƙasar waje, shekara da shekaru sai muryarsa a salula.

Ranar hira ina bakin ƙofa, ina jin ta tiryan-tiryan, har tana ba matar dariya. Ta fito tana rawa, ta ci.

Na ce, "Me ta tambaye ki daga baya, da kika yi dogon numfashi?"

"Dalilin da nake son zuwa."

"Faɗa mini yadda kika jera shi."

Ta durƙusa gabana. "Don ni, da ilimin nan, garinmu Damagaram, wurin tsohuwar da ta raine ni..." Ta tsaya, ja'ira, ta bar ni rataye yadda nake yi wa yara in ina tatsuniya.

"Dire mana!"

"Komowa."