Gefen Hagun Baba

Ni ce na ba da shaidar da ta raba mahaifina da amininsa, kuma sanye da farar rigar aiki na ba da ita.

Baba baduku ne a unguwar Birni. Shekara uku da suka wuce wani jiri ya kwantar da shi kwana biyu, ya tashi ya ce hawan jini ne ya ɗan taɓa shi, ya koma kan fatunsa. Daga nan ya fara cin karo da ƙyauren zaure, kullum da kafaɗar hagu. Muka yi ta yi masa tsiya, wai ƙofar da ya shekara arba'in yana shiga ce ta matse. Dariya ta ƙare ranar da amininsa, wanda muke kira Baffa, ya miƙa masa hannu a bakin kasuwar Dole, Baba ya wuce shi kamar ya wuce turke, a gaban jama'a. A Damagaram kuwa ana yafe zagi, amma ba a cika yafe hannun da aka bari a miƙe ba.

Baffa mutum ne mai haƙuri. Ya same ni a asibiti, inda nake aikin jinya a sashen ido, ya ce in duba abokinsa ko yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Na zaunar da Baba gaban allon gwaji, ya bi alamomin nan har layin ƙasa, wanda ni kaina sai na ƙanƙance ido nake gani. Na haska, ban ga yana ba, ban ga komai ba. Na fito ina washe baki, ina jin kaina wata babbar likita, na ce wa Baffa idon Baba ya fi nawa. Ni a zatona albishir na yi masa.

"To, madalla," in ji shi. "Ashe yana gani."

Bai sake taka zaurenmu ba. Magana ta zaga unguwa cewa tun da 'yarsa ta zama ma'aikaciya baduku ya fara ɗaga kai. Baba ya yi ta rantsuwa bai ga kowa ba. Abin da ya fi ci mini rai yau shi ne, har ni ban yarda da shi ba.

Bara aka tura mu formasiyo, wato horon ƙarin ilimi, na kwana biyar a nan cikin gari. Na tafi ina ƙunƙuni, don a ganina babu abin da ya rage a koya mini game da ido. A rana ta biyu likitar da ke koyar da mu ta ce ido ɗauka kawai yake yi, ƙwaƙwalwa ce ke gani. Jijiya ɗaya ta toshe a can, sai rabin abin da ke gaban mutum ya ɓace, idon kuwa lafiya lau. Ba duhu yake gani a gefen ba, bai ma san akwai gefen da ya rasa ba. Ta ce mu daina sallamar mutum don ya ci allon gwaji, mu tambaye shi ko yana cin karo da ƙofa, ko ana cewa ya wuce mutane bai gaishe su ba. Sai ta haɗa mu biyu-biyu: ka sa marar lafiya ya kalli hancinka, ka shigo da yatsu daga gefe, ya faɗi lokacin da ya gan su. Gwajin da bai kai minti ɗaya ba, babu na'ura, babu wuta. Na zauna kunya da haushi suna cina.

Da la'asar na tsugunna gaban Baba a zaure. Ta dama, yatsuna na motsawa ya ce ga su. Ta hagu na yi ta kaɗa su, ina matso da su, ina matsowa, har sun kusa taɓa masa kunci.

"Ki fara mana," ya ce. "Ina da aiki."

Na yi kuka, sannan na yi masa bayani. Ya saurara tsaf. Ya karɓi maganar shan maganin hawan jini a kan lokaci, ya karɓi ta koyon juya kai hagu in yana tafiya. Da na ce zan je in faɗa wa Baffa, sai ya ajiye basilla ya tambaye ni me zan ce. In na ce ido ne, Baffa ya san yana zura zare ba tabarau, kuma ni na riga na wanke idon da bakina. In na ce ƙwaƙwalwa ce, kafin magariba unguwa ta ɗauka cewa ya taɓu. Shi ake kira sulhu, shi ake kira shaida, wa zai ƙara jin maganarsa?

"Gara su ce na yi girman kai," ya ce. "In kina neman albarkata, maganar nan ta tsaya tsakaninmu."

Ga ni da ilimin da na samo a makare, an ɗaure mini baki da shi. A asibiti na gano mutum biyu masu irin ciwon, har da wata tsohuwa daga Mirriya da 'ya'yanta suka yi ta sa mini albarka. A gidanmu kuwa ba ni da ta cewa. In muka fita tare ina tafiya a hagunsa, ina raɗa masa ga wane nan. Amma ni mace ce, ba na bin shi sahun masallaci, ba na zama majalisar maza. Sai ya rage fita, ya koma daga zaure sai cikin gida.

Makon jiya na ɗauko masa abincin rana, ina bayan labule na hango Baffa ya ɓullo ta hagun ƙofa. Ya tsufa, har ya fara dogara sanda. Ya rage tafiya, ya tsaya. Bai yi sallama ba, jira yake a dube shi. Baba yana zaune, fuskarsa na kallon titi, ido buɗe tar. Kalma ɗaya ta isa, kuma tana kan harshena. Amma in na ce "Baba, ga Baffa," Baffa zai tambayi yadda aka yi mai ido ya zama sai an nuna masa mutum, ni kuwa na yi alkawari. Ina cikin wannan lissafi ya gyara riƙon sandarsa ya wuce.

Na ajiye kwanon. Baba ya ɗago ya tambaye ni ko yau ma babu wanda ya biyo ta nan.