Zanen Goyo a Ranar Awo

Shekarar da na gama makarantar koyon jinya, aka tura ni wani ƙaramin asibitin yara a unguwar Moshi Zango. Daga gidanmu a Alabar nakan hau motar haya da muke kira trotro in sauka a bakin titi, in ƙarasa da ƙafa ta tsakanin masu koko da ƙosai. Mu uku ne nas a wurin. Babbarmu Batoniya ce, wato 'yar Asante, mace mai jiki da ƙaramar murya, kowa Maame yake ce mata. Ta daɗe a Zango har Hausa ta zauna a bakinta, sai dai ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a wurinta. Sai wata 'yar ƙabilar Dagomba da ta girme ni, ina ce mata Yaya. Ni kuwa Auta suka sa mini tun ranar da na fara.

Cikin daminar shekarar nan wata matashiya ta kawo mana jaririnta, ƙirjinsa yana ɗagawa yana faɗawa, numfashin yana fita da ƙyar. Sanyi ne ya kama masa huhu, kuma an makara. Maame ta sa masa iskar numfashi, Yaya tana neman jijiya a ɗan hannunsa, ni ina waya a zo da motar da za ta kai shi babban asibiti. Kafin motar ta ratso cunkoson titi, yaron ya cika a hannun Yaya. Uwar ba ta yi kuka ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta karɓe shi, ta goya shi da zane mai ruwan shuɗi. Mijinta kafinta ne a unguwar Anloga. Ya iso da garin katako a gashinsa, ya riƙe hannunta suka tafi.

Kowane mako muna da ranar awo. Mata sukan cika barandar asibitin da jarirai, mu rataye kowane yaro a jikin sikeli mai fuska irin ta agogo, mu ga ko yana girma yadda ya kamata. Ranar awo ba ka jin maganar na kusa da kai, don kukan yara da hirar iyayensu.

Wata ranar awo da hantsi, 'yan makonni bayan rasuwar yaron, ina tsaye a gaban sikeli sai na ji barandar tana yin shiru. Ba lokaci ɗaya ba. Daga bakin ƙofa shirun ya faro, yana bin benci yana matsowa wajena. Na ɗaga kai na ga uwar yaron nan. Tana sanye da tufafi masu tsabta, ta ɗaura zanen nan mai ruwan shuɗi a ƙirji kamar kowace mai goyo, hannunta ɗaya a baya tana ɗan jijjigawa. Zanen a kwance yake a bayanta, babu kowa a ciki.

Shirun iyaye bai ba ni tsoro ba, sun san ta, sun san abin da ya same ta. Na yaran ne ya tayar mini da tsikar jiki. Duk sun daina kuka. Waɗanda ke goye sun juyo da kawunansu, kuma ba fuskarta suke kallo ba, bayanta suke kallo. Wata 'yar yarinya mai rarrafe ta yi dariya, ta miƙa hannu wajen zanen tana buɗe yatsu tana rufewa. Uwar yarinyar ta fizge ta tana a'uziyya. Wata a can gefe ta kira Ubangiji da yaren Asante, "Awurade!" ta tattara kayanta.

Yaya ta matso kusa da Maame ta ce ƙasa-ƙasa, "Maame, bari in ja ta ciki in lallashe ta ta koma gida."

Maame ta ce, "Ki bar shi ya zauna. Ya bi layi kamar kowa."

Na san yadda take magana, amma ran nan ban tabbata wa take nufi da "shi" ba.

Matar ta zauna a ƙarshen benci. Da layi ya zo kanta ta taso, ta durƙusa kaɗan, ta kwance zanen a hankali, ta tallabo shi gabanta kamar mai tallabe kan jariri. Ta miƙo mini ta ce, "Anti nas, a duba mini shi. Ba ya shan nono sosai."

Na dubi Maame. Ta gyaɗa mini kai. Na karɓa. Zanen da ɗumi, da danshin gumi, da ƙanshin man kaɗanya, na ce wa raina ai daga bayanta ya fito. Abin da ban samu amsarsa ba shi ne nauyi. Hannuwana sun sauka ƙasa kamar yadda suke sauka idan an ɗora mini yaro. Maame ta zo ta ƙulle bakunan zanen, ta rataya a ƙugiyar sikeli da kanta. Hannun sikelin ya motsa. Ya gangara ya wuce inda nauyin zane zai kai shi, ya yi rawa kaɗan kamar yadda yake yi in yaro yana harba ƙafa, sannan ya tsaya daidai inda na jariri ɗan watanni kaɗan yake tsayawa.

Maame ta sauke zanen, ta taya matar ɗaurawa, ta ce, "Mun gan shi. Yanzu ke za mu duba. Zo ciki."

A ciki muka ga halin da take. Nononta ya kumbura ya yi tauri, jikinta da zazzaɓi, ta rame har wuyanta ya fito. Yaya ta dafa ruwa ta gasa mata, na kawo magani, Maame ta aika aka sayo tuwo da miyar ayoyo ta zauna a gabanta sai da ta ga bayan kwanon.

Bayan an tashi, Maame ta tara mu ta raba aiki. Duk ranar da matar ta zo, Yaya za ta tare ta a ƙofa ta shigo da ita ɗakin ciki, kada mata su mai da ita abin kallo. Za mu sauke sikelin mu kai ciki, ni in yi mata awo. Wadda ba ta tare da ita za ta riƙe layin waje ita kaɗai, ko da zai kai mu la'asar. Ba wadda ta ambaci abin da hannun sikelin ya yi. Amma ina share baranda na hango Yaya ta rataya buhun magani a ƙugiyar, ta sauke, ta rataya jarkar ruwa. Sikelin lafiyarsa ƙalau.

Haka muka yi ta yi har damina ta ja baya. Yaya takan biya ta gidan matar in ta tashi aiki, ta zauna da mijin a ƙofar ɗaki. Ya gaya mata cewa an kira malamai sun yi addu'a, an yi wa matar rubutu ta sha, amma har yanzu tana shimfiɗa wa yaron wuri, shi kuma ba ya iya kwanciya a gefen nan na katifa. Maame ta yi amfani da ranar hutunta ta kai matar wajen likitan ƙwaƙwalwa a babban asibiti, ta zauna da ita a layi tun safe. Ni nawa shi ne zanen. Kowane mako in karɓa, in ji nauyin nan, in rataya, in ce, "Mun gan shi, maman yaro." Na fara ramewa ni ma, abinci ba ya shiga.

Yaya ce ta lura. Wata ranar awo ta riƙe hannuna ta ce, "Auta, yau je ki waje. Ni zan karɓa." Na fita ina gode mata a zuci. Can sai ga ta ta fito, ta jingina da bango kusa da ni.

Na ce, "Yaya, lafiya?"

Ta ce, "Ya ƙaru."

"Me ya ƙaru?"

"Nauyin. Na tuna inda ya tsaya ranar farko. Ya ƙaru daidai yadda na yaro mai lafiya yake ƙaruwa."

Daga ran nan muka koma karɓa bi da bi, har da Maame, don kada ya taru a kan mutum ɗaya. Mukan shiga mu biyu, ɗaya ta rataya, ɗaya ta tsaya kusa da ita.

Maganin likita ya fara aiki, ko addu'a, ko duka biyun. Ta fara barci, ta fara amsa gaisuwa, kumatunta suka ɗan ciko. Sai wata rana, ba ma ranar awo ba, ta shigo da azahar babu kowa a baranda. Zanen yana ninke a hannunta. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta ce, "Anti nas, tun jiya ban ji shi ba."

Ranar ni ce da karɓa. Na karɓi zanen, sanyi ƙalau, ba nauyin komai sai na atamfa. Na rataya. Hannun sikelin ko motsi bai yi ba. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Ya rasu ko?"

Maame ta ce, "Ya rasu, 'yata. A nan, a hannunmu. Mun yi iya yinmu."

Matar ta sulale za ta faɗi. Yaya ta tare ta ta baya, muka zube ƙasa tare mu huɗu. Kukan da ba ta yi ba tun damina ta yi shi a ƙirjin Maame, har farar rigar ta jiƙe. Yaya tana maimaita innalillahi, Maame tana addu'arta da yarensu na Tonanci, ni ina riƙe da ƙafafunta ina nawa kukan. Mai gadi ya leƙo ya ja mana ƙofa.

Ba da daɗewa ba mijin ya kai ta arewa wajen mahaifiyarta ta huta. Ya biyo ya gaya mana sun sauka lafiya, tana cin abinci, har ta fara taya tsohuwar sayar da dawadawa.

Sau ɗaya tak muka yi zancen a tsakaninmu. Muna cin wake da shinkafa a kwano ɗaya, Yaya ta ce, "Maame, tsakaninki da Allah, ke me kika gani a sikelin nan?"

Maame ta tauna lomarta ta haɗiye. Ta ce, "Abin da kuka gani." Ta tura mini ƙwan da ke gabanta ta ce, "Auta, ci. Har yanzu ba ki dawo ba."

Na ci. Aka buga ƙofa, wata mata ce da yaro mai gudawa, muka wanke hannu muka tashi.