Wanda Ya Yanka Ragon Rifkatu

Rifkatu 'yar ƙasar Zuru ce. Aure ya kawo ta Jega, inda mijinta ke gyara wa manoman albasa injinan ban-ruwa. Da ya rasu ba ta koma gida ba, sai ta zauna tana ɗinkin kayan mata a zauren gidan haya. Ita kaɗai ce Kirista a layinsu, kuma a shekarunta na farko ta sha ganin ana ware moɗar da ta sha ruwa da ita. Ta yafe wannan tun tuni, amma ba ta manta yadda yake sukar zuciya ba.

Duk Kirsimeti takan sayi rago, ta kira mahauci Musulmi ya yanka, domin maƙwabta su ci ba tare da shakka ba. Kowane gida aka kai kwano, kafin a buɗe sai an tambayi wanda ya yanka. Sirajo, mutumin Andarai, shi ne mahaucinta.

Wata shekara albaras ya fito wa Sirajo, fararen tabo suka rufe masa hannuwa. Likita ya ce ba a ɗaukarsa, mutane ba su saurara ba. Alhaji Sagir, babban dillalin albasa wanda unguwa ke koyi da shi, ya daina sayen namansa, saura suka bi. Sirajo ya fara neman mai sayen teburinsa domin ya koma ƙauye.

Ana gobe Kirsimeti Rifkatu ta same shi a kasuwa.

"Sirajo, ragona na jiranka."

Ya tura hannuwansa cikin riga. "Inna, nemi wani. In aka ji ni na yanka, kwanukanki za su dawo a rufe."

"Hannun ne ya sake launi, ko bisimillar taka ce ta lalace?"

Ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. "To zan yanka, amma ki ce Ummaru mahauci ne ya yanka."

"Ranar haihuwar Almasihu zan yi ƙarya? Shi da ya taɓa kuturu da hannunsa? Taso mu tafi."

Ta san abin da take jefawa cikin haɗari. Tausayin da ba ya cin mai shi komai abu ne mai sauƙi; ita kuwa zaman lafiyar da ta yi shekaru tana ginawa ta ɗora a kan hannun mutum ɗaya.

Washegari ta ɗauki kwanon Alhaji da kanta, ta tarar da shi a ƙofar gida cikin jama'a.

"Barka da shagali, Rifkatu. Wa ya yanka?"

"Sirajo, Alhaji. Shi ya feɗe, ni na dafa, na kuma ci."

Ta durƙusa ta ajiye kwanon.

"A da, moɗata ake warewa a gidan nan. Ga shi shekara da shekaru kana cin girkina, me ya same ka?"

Alhaji ya dubi murfin. "Bakin nan naki ya fi almakashinki kaifi," in ji shi. Ya buɗe, ya yi bisimilla, ya ɗauki tsoka, ya miƙa kwanon ga na kusa da shi.

Wasu gidajen sun mayar da nasu a rufe, kuma akwai matar da ta janye ɗinkinta har yau. Amma ranar kasuwa aka ga Alhaji tsaye a teburin Sirajo yana ciniki, kuma abin da babba ya yi a fili ba ya buƙatar shela.

Sirajo bai koma Andarai ba. Yanzu Rifkatu ta tsufa, idonta ba ya ganin ramin allura. Duk Kirsimeti yakan zo da wuƙaƙensa ba tare da an kira shi ba, in kuma Babbar Sallah ta zo, cinyar layyarsa gidanta take fara zuwa. Takan tare shi a zaure ta ce, "Wa ya yanka?"

Sai ya ɗaga mata hannuwansa biyu.