Kawu da Sabon Rishona

Ƙaurin wayar wuta da na ji yau ya tuna mini da marigayi Kawu, mai gyaran lantarki a unguwar Akebe. Bai taɓa yarda da rubutun jikin kaya ba.

Ranar da ya ga sabon rishon lantarkina, ya karanta a jikinsa cewa wutar "wat dubu" yake ja, ya taɓe baki, ya kunna shi, ya jona ma'auninsa.

Ya ce, "Bolt 220, amfiya goma. Ninka su, 'yata."

"Wat 2,200, Kawu."

"In kin raba 220 da goma kuma, turjiyarsa ga wuta om 22. Ƙarya suka rubuta. Siririyar wayar ɗakinki ba za ta ɗauka ba."

Na ce ya cika zargi. Sai ya ɗora yatsana a kan wayar, na ji ta yi zafi har ta fara laushi. Da kaina na cire rishon daga wuta.

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu.