Gangar Baba da Gonar Kawu

Babana makaɗin noma ne. A wajen Kurfi aka haife shi, a can ya gaji ganga daga mahaifinsa, a can kuma muka tashi. In damina ta kankama ba ma ganinsa a gida sai ran da ya zo canja riga. Yau yana gayyar wannan ƙauye, gobe yana ta wancan, shi da 'yan amshinsa biyu da gangar noma wadda in ya rataya ta sai ta rufe shi daga ƙirji zuwa gwiwa. Muryarsa ba zaƙi gare ta ba, kauri gare ta da nisa. Manomi yana can ƙarshen kunya zai ji an ambaci kakansa, sai ya ƙara sunkuyawa. Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Tun kafin in iya daka na haddace waƙoƙinsa, domin a tsakar gida yake shirya su, yana ɗaure fatar ganga yana gwada baiti a kaina. In na yi dariya ya riƙe baitin, in na yi shiru ya yar.

Inna kuwa 'yar Dutsin-Ma ce, daga gidan malamai. Ita ta ce Baba take so, mahaifinta ya amince kafin ya rasu, amma yayanta bai taɓa amincewa ba. Shi ne Kawu. Ba ya gaba da Inna, yana aiko mata da goro da sallah, sai dai bai taɓa taka gidanmu ba, kuma in Baba ya gaishe shi da ka yake amsawa. A ganinsa makaɗi maroƙi ne, ko da me yake kaɗawa.

Ina da wajen shekara goma sha uku idon Kaka, mahaifiyar Inna, ya fara rauni. Aka kai ni Dutsin-Ma in zauna da ita a gidan Kawu, in riƙa yi mata jagora da 'yan aikace-aikace. Ƙarshen zamanin Turawa ne, ana ta zancen za a ba mu mulkin kai, amma mu a unguwarmu zancen ruwa ya fi damun mu. Kawu bai taɓa nuna mini bambanci da 'ya'yansa ba. Shi ya ɗora ni a kan karatu, da haƙuri, ba duka. Abu ɗaya ya ce mini ran da na zo: a gidansa ba a waƙa.

Damina ta biyu da zuwana kurkunu ya faɗa wa unguwar. Daga tafki ɗaya muke sha duka, kuma kamar an haɗa baki, sai ya fito wa mutane daidai lokacin da gero ya tsiro yana jiran noman firi, wato noman farko. Kawu ƙafa biyu ya kama shi. Wanzami ya zo ya yi masa sakiya, ya naɗe kan tsutsar a jikin tsinke, kullum a ja kaɗan. Babban ɗansa ma ya kwanta. Maƙwabcinmu na gabas ya kwanta, haka ɗan wata tsohuwa wanda shi kaɗai ke yi mata noma. Kowace safiya in na kai Kaka zagaye ta bakin gonaki, sai ta ce in faɗa mata abin da na gani. Na ce ciyawar harƙiya ta kai tsayin geron. Bayan 'yan kwanaki na ce ta wuce shi.

Kaka ta ce, “Wanda ya rasa noman firi ya rasa shekara.”

Ran nan na sami Kawu a zaure, ƙafafunsa miƙe a kan buzu. Na durƙusa na ce, “Kawu, ka bar ni in je in kira Baba. In ya buga ganga samari za su zo.”

Ya dube ni ya ce, “Tun zamanin mahaifina ba a taɓa buga ganga cikin gonar nan ba, ba kuma a kaina za a fara ba. Wanda ya ba da ciwo shi ke ba da abinci. Tashi ki je.”

Na tashi, amma ɗakin Kaka na nufa, na faɗa mata yadda muka yi. Ta ce, “Ke mi kika gani?” Na ce na ga in aka ƙara mako ba a shiga gonakin nan ba, sai mun ci tafasa da rani. Ta ce, “To je ki. In ya tambaya, ni na aike ki.”

Da sassafe na bi wasu mata masu kai daddawa kasuwar Kurfi da jakunansu. Hanyar ta yi laka, wani rafi sai da muka tattare zane muka ratsa. Sai bayan azahar na isa gida, ƙafafuna sun kumbura. Inna ta gan ni ta ɗauka rasuwa aka yi. Baba yana gayyar wani babban manomi a bayan gari, ban jira ya dawo ba, na sha ruwa na bi sautin gangar har na same shi. Da aka tsaya shan fura na ja shi gefe na ba shi labari.

Ya ce, “Shi Malam ya ce a kira ni?”

Na ce, “A'a. Cewa ya yi kar a kira ka.”

Baba ya yi murmushi. “To, ba wurinsa za mu ba. Wa da wa ke kwance a unguwar?”

Na faɗa masa gidajen. Ya ce da su za a fara.

Amma gayya ba ganga kaɗai ba ce. Mai gona shi ke ciyar da masu noma, su kuwa waɗannan gidaje rumbunansu sun kusa ƙasa, lokacin da damina ke matsa kowa ke nan. Inna ce ta warware wannan. Ta sa aka buɗe rumbunmu aka fito da damman geron da aka ba Baba kyauta bara, ta ce a sussuka. Wata gwaggon Baba ta ce mata, “Za ki ciyar da gidan da ba a shan ruwanku?” Inna ta ce, “Gidanmu ne, Gwaggo,” ta ci gaba da sheƙa.

Akwai sarkin noman wani ƙauye da ya riga ya kama Baba don gayyarsa, gayyar da ake ba makaɗi riga da akuya. Baba ya je da kansa ya ba shi haƙuri, mutumin ya ji haushi ya ɗauki wani makaɗin. Daga nan Baba ya shiga zagaya ƙauyuka, Kutawa da Shema da na wajenmu, yana tsayawa a dandali da yamma yana kiran sarkin samari. Ya ce musu bana ma roƙo ya zo, amma ba riga yake so ba, hauyarsu yake so da wuni guda. Wasu suka yi alkawari suka cika, wasu ba mu gan su ba.

Ni kuma na koma Dutsin-Ma a kan jakin hatsin. Na bi gidajen da ciwon bai shiga ba da ƙwarya, mai kuka ta ba da kuka, mai barkono ta ba da barkono. Na tara 'yan matan unguwa muka raba aiki, masu daka da masu ɗiban ruwa. Kawu yana jin lugude a bayan gida. Ya kira ni ya ce, “Wa ya aike ki Kurfi?” Na ce Kaka. Ya sallame ni.

Da gonar tsohuwar nan aka fara. Ban taɓa ganin Baba yana waƙa irin ta ranar ba, domin ba mai gonar da zai wasa, sai ya koma wasa samarin ɗaya bayan ɗaya, da ƙauyukansu da iyayensu. Kafin la'asar gonar ta yi fes, geron ya fito siriri, rawaya, amma a tsaye. Tsohuwar ta zauna a bakin kunya tana ta shafa ganyen. Washegari aka shiga ta maƙwabcinmu, haka aka yi ta bi har ya rage gonar Kawu kaɗai, ciyawa ta cinye ta a tsakiyar gonakin da aka share.

Baba ya yi sallama a zauren Kawu bayan la'asar. Ni na kai musu ruwa, kuma ban fita ba, na tsaya a bakin ƙofa. Baba ya cire takalmi ya zauna a ƙasa ya yi masa ya jiki.

Kawu ya ce, “Na ji abin da kuka yi wa maƙwabta. Allah ya saka da alheri. Amma maganata tana nan.”

Baba ya ce, “Malam, ganga ka hana ko hauya?”

Kawu ya dubi tsinken da ke ƙafarsa. Can ya ce, “Ganga.”

“To, ganga ba za ta shiga ba.”

Da safe Baba ya rataye gangarsa a jikin wani gawo da ke wajen iyaka, ya ari hauya ya shiga sahu. 'Yan amshinsa ma suka bi shi. Samarin sun riga sun gaji da aikin kwanakin baya, ga gonar Kawu ta fi kowace ciyawa, ga ba kiɗa. Kafin hantsi ya ɗaga sahun ya karkace. Wasu suna miƙewa suna riƙe ƙugu, biyu sun koma inuwa. Baba kuwa, wanda hannunsa ya saba da makaɗi, an bar shi a baya can.

Ina tsaye da tulu a ka, na ga in aka kai azahar a haka watsewa za a yi. Na sauke tulun. Kawu gidansa ya hana waƙa, gonarsa kuma ganga ya hana. Na ce wa 'yan matan su yi mini tafi, na ɗauko wata waƙar Baba da na fi sani:

Ciyawa ba ki da gado nan,
Gero ke da gida.
Sunkuya, ɗan mai hauya,
Gumi ba ya kashe namiji.

Da farko muryata rawa take yi, wasu samarin har suka yi dariya. Ban daina ba. Na maimaita, 'yan matan suka karɓa, ɗaya daga cikin 'yan amshin Baba ya amsa daga cikin sahu yana sunkuye. Da ma na saurari yadda Baba ya wasa kowane saurayi a kwanakin nan, sai na shiga kiran su da kirarin da ya yi musu. Wanda na kira sai ya zabura. Na inuwa suka taso. Muna bin su a baya kunya bayan kunya, in baiti ya ƙare mini in ƙirƙiro wani, mai daɗi da marar daɗi. Baba bai ɗago ya dube ni ba ko sau ɗaya, amma na ga saransa ya koma daidai da tafin.

Wajen azahar sai ga Kawu a kan jaki, ƙaramin ɗansa na ja. Aka sauke shi a inuwa. Na gan shi, amma in na tsaya sahun zai tsaya, don haka na ci gaba. Da aka zo shan fura Baba ya je gaishe shi. Tafin hannunsa duk bororo, wasu sun fashe. Kawu ya kama hannun ya juya shi.

Ya ce, “Bari haka nan. Hannunka ba na wannan aikin ba ne.”

Baba ya ce, “Sai mun kai ƙarshe, Malam.”

Aka kai ƙarshe kafin rana ta faɗi. Ni kuwa muryata ta dushe, ko sallama ba na iya yi. A gida ina jiran faɗa. Kawu bai ce mini komai a kan waƙar ba, a ranar ko bayanta. Matarsa kawai ya sa ta dafa mini citta da zuma.

Geron bai yi kyau sosai ba, don an makara, amma ya kai gidajen nan har wata damina. Ƙafar Kawu ɗaya ta warke da ɗingishi. Ra'ayinsa a kan ganga bai canja ba har ya bar duniya, in ya ji ta daga nesa sai ya sauya hanya. Amma da kaka ta yi ya hau jaki ya je Kurfi, ya kwana biyu a gidanmu, shi da Baba suka ci tuwo a akushi ɗaya. Inna ta rasa inda za ta sa kanta don murna, ta yanka zakaran da take ji da shi.

Daga shekarar Baba ya ware kwanaki a kowace damina don gonakin marasa lafiya, ni kuma aikin abincin gayyar ya zama nawa, har bayan na yi aure a nan Dutsin-Ma. Ana cikin haka aka kawo wani malamin asibiti, Kirista daga kudancin Zariya, mutum mai son hira. Shi ya gaya mana a cikin ruwan tafki ciwon yake, in aka tace da ƙyalle mai kauri za a ragu. Baba ya sa maganar a waƙa, maza suna ji a gona. Amma randa a hannun mata take, kuma ganga ba ta shiga cikin gida. Sai na yayyaga tsofaffin zannuwana na wanke, na shiga bin gidaje ina ɗaurawa a bakin randuna. Wasu suka karɓa. Wata dattijuwa a bakin kasuwa ta cire nata a gabana ta miƙo mini, ta ce kakanninta ruwan nan suka sha, kuma ba 'yar makaɗi ce za ta koya mata shan ruwa ba. Na karɓa na yi mata sai an jima. Da safe na koma da wani ƙyallen, na tarar da surukarta ita kaɗai a tsakar gida, muka ɗaura shi tare.