Na'urar Farfesa Ba Ta 'Yan Gwangwan Ba Ce

Da safiyar nan labari ya riske ni: Farfesa ya rasu a ƙasarsu, Faransa.

Ni Haruna mai tasi na unguwar Hindawiyya a Makka, da hannuna nake rubuta wannan.

Ga wanda bai san shi ba, masanin iska ne da zafin sararin sama. Ya zo auna zafin da ke kayar da alhazai a Mina. Da yake ba Musulmi ba ne, iyakarsa shingen hanyar Jidda. Ni ne ƙafarsa a Makka. Lokacin Hajji ni ke kai na'urarsa Mina, sauran watanni tana saman gidan da nake haya.

Makon farko na tausaya mata. Na ga abu mai daraja a tsakar rana, sai na shigar da ita ɗaki, na kunna mata mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Kwana shida tana shan sanyi. Da ya duba sakamakon, sai ya ce da Larabcinsa mai gargada: "Ya Haruna, ashe ƙanƙara ta sauka a Makka kuka ɓoye wa duniya?"

Bai tsawata mini ba. Shi ya matsa na shiga ajin manya, don in riƙa rubuta abin da idona ya gani. Kafin nan dangwale nake yi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a bakin shingen ce. Ya tambayi lafiyar na'urar. Ya ce: "Kada ka bari ta huta ko yini ɗaya."

Yau kuwa, da na shaida wa maigidan hayarmu, Alhaji Sani, ga abin da ya ce a gaban jama'a: "Halas, shi ke nan, mai ita ya mutu. Sauke ƙarfen nan kafin Juma'a, ya shehi, 'yan gwangwan na jira. Nasara kake wa kuka?" Aka kwashe da dariya.

Na ce: "Alhaji, da girmanka. Da mahaifiyarka ta zo Hajji, wa ka tambaya sa'ar da za ta fita jifa rana ba ta kayar da ita ba? Ni. Ni kuma wa ya koya mini?"

Duk da haka bai janye maganarsa ba.

Wallahi ba za a auna na'urar nan a sikeli ba ina raye.

Allah ya ba matar Farfesa da 'ya'yansa haƙuri, ya sa aikinsa ya ci gaba da amfanar baƙin Ɗakinsa. Ku taya ni da amin. Wanda kuma saman gidansa ke shan rana sosai, ya yi mini magana kafin Juma'a.