Katakon Rufin Gidan Yaya

Mijina ya gaji rumfar sayar da katako daga mahaifinsa a nan Suleja. A da aikin ofis yake yi a Abuja, sai da aka rage ma'aikata ya dawo ya zauna cikin ƙurar zarto. Bai taɓa jin kansa ɗan kasuwa ba, amma an san ba ya ha'inci, shi ya sa mutane ke zuwa wurinsa.

Lokacin da yayarsa ta yi gini a Chaza bayan rasuwar mijinta, shi ya ba ta katakon rufi. Da kansa ya zaɓa, ya tsaya aka shafe shi da baƙin mai da maganin gara. Ya dawo gida rigarsa na warin maganin, yana cewa har jikokin Yaya za su tarar da rufin nan lafiya.

Ba a yi shekaru masu yawa ba, wata la'asar cikin damina, silin ɗin falonta ya rufto. 'Yarta budurwa tana zaune tana tsifa, wani guntun katako ya same ta a kafaɗa, ƙashin ya tsage.

Muka je washegari. Na ga mijina ya durƙusa cikin tarkacen ya ɗauki wani guntu. Daga waje baƙi ƙirin yake, kamar ranar da aka shafe shi. Ya danna da babban yatsa, yatsan ya shige. Ciki babu komai sai ƙasa da gari. Yaya ta ce ƙaddara ce, ta sa aka kawo mana tuwo, ta tambayi lafiyar yara. Da ta yi masa faɗa, ina jin da ya fi samun sauƙi. 

Daga nan ya shiga bincike a waya. Ko abinci na ajiye masa, sai ya huce. Wata rana ya same ni a kicin ya ce ya gano matsalar. Maganin a fatar katako yake tsayawa, ba ya ratsawa, musamman irin su katakon itacen malaina. Ita kuwa gara ƙofa kaɗan take nema, ta kan yanka ko ramin ƙusa, ta shige ta cinye ciki. Ya ce a wasu ƙasashe ana bi da ɗanyen katako ta cikin na'ura mai aiki irin na maikirowef. Ruwan da ke cikinsa ya tafasa, tururi ya buɗe ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani, sai magani ya bi ta nan har can tsakiya.

Yana magana yana kallon maikirowef ɗina. Ƙanwata ce ta ba ni ita, kuma ita ce abin da na fi ji da shi a kicin ɗin.

"Maman yara, ki ara mini ita," in ji shi. "Gwaji kawai zan yi."

Na ba shi. Ban ga alamar rai a fuskarsa ba tun ranar Chaza sai a wannan lokacin.

Ya riƙa kawo guntayen ɗanyen katako, kowanne bai wuce tsawon tafin hannu ba. Da an kawo wuta zai bar rumfa ya taho gida da sauri. Katakon ya yi ta tsuwwa a ciki, ruwa na kumfa ta kan yankan, gidan ya cika da wari kamar na jiƙaƙƙen itace a murhu. Sai ya fitar, ya jiƙa a bokitin magani a gefen tsakar gida, bayan kwanaki ya tsaga da zarto. Na daina ɗumama abinci a cikinta tun daga lokacin, don ban yarda da ita ba kuma.

Wata safiya ya kira ni ya nuna mini guntaye biyu. Wanda bai shiga na'ura ba, magani ya tsaya a baki-baki, tsakiyarsa fari tas. Ɗayan kuwa duhun magani ya bi cikinsa jirwaye-jirwaye har kusa da tsakiya. Ya yi ta murna. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma da na tambaye shi ta yaya dogon katakon rufi zai shiga wannan ɗan akwati, sai ya kwashe guntayensa ya fita.

Akwai kuma wata damuwar. Wanda ya fi shan zafi shi ya fi shan magani, amma duk ya tsattsage. Ya buga shi da guduma ya rabe nan take. Wato in ya tsere wa gara, ba lallai ya ɗauki nauyin kwanon rufi ba. Ya ce dole akwai daidai gwargwado, ya ci gaba da nema.

Ranar da na'urar ta mutu ina tsakar gida ina shanya. Ashe guntun da ya saka ya riga ya bushe, ya kama ci daga ciki. Hayaƙi ya turnuƙe kicin, ya fizge wayar daga bango, ya fito yana tari da ƙuna a yatsu. Bai ba ni haƙuri ba sai da yamma, ni kuma ba na'urar ce ke damuna ba.

Bai haƙura ba. Ya je wurin wani mai gyaran kayan wuta a Magajiya da shawarar su tattara tsofaffin na'urori, su ciro kayan cikinsu su haɗa babba. Mutumin ya ƙi. Ya ce akwai abin da ke riƙe wuta a ciki ko an cire daga bango, yana iya kashe mutum nan take, ga zafin da ba a gani in babu murfi. Da mijina ya ba ni labari cikin fushi, na ce masa in ya kawo irin wannan abu gidan nan, zan kwashe yara in tafi gidanmu. Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya tashi ya fita masallaci.

Duk wannan lokacin yana ta tanadin katako mafi kyau don ya sake wa Yaya rufi bayan damina. Da ya je ya gaya mata, sai ya tarar an gama. Ɗanta ya kawo masu walda sun yi da ƙarfe. Ta ce ba ta so ta ɗora masa wahala ne. Ya sa albarka, ya gaishe da 'yarta, wadda har yanzu ba ta iya ɗaga hannun sama sosai, ya dawo.

Yana nan a rumfarsa, amma ciniki ya ragu, kuma na san dalili. Kwanan baya na kai masa abincin rana, na tarar da wani dattijo daga Gawu Babangida zai yi rufin ɗakin ɗansa. An gama zaɓe har an fara lodi, dattijon ya tambaya ko in an shafa magani shi ke nan.

"Baba, zai taimaka," in ji mijina. "Amma ba zan ce maka ya isa ciki ba."

Dattijon ya ce bari ya ɗan zaga ya dawo. Muka bi shi da ido ya shiga rumfar da ke gaba. Mijina ya sa aka sauke katakon, ya wanke hannu, ya buɗe kwanon abinci.